Hayar da aka ce har da wuta da ruwa a Silver Spring

Duk ɗan'uwa sabon zuwa Amurka da ya kira ni da murna wai ya samu gidan da kuɗin wuta da ruwa da gas ke cikin haya, abu ɗaya nake fara tambayarsa: sanyi da ɗumin ɗakin a hannun wa suke, kai ko ofishin masu ginin?

Ni a tsakiyar Silver Spring na kama, jihar Maryland, dab da Washington. Unguwar ba ta da laifi. Da ƙafa nake zuwa tashar Metro, kanti a kusa, ga gidajen abincin Habashawa jere a kan titin Fenton. Takardar kamfanin wuta na Pepco ba ta taɓa zuwa da sunana ba, haka ta Washington Gas. Lokacin hunturu kuwa ɗaki ɗumi lau, ba fargabar ƙarshen wata. Wannan kam na yaba.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne tsohon bene ne, kuma bututun da ke kai ruwan zafi ɗakuna don ɗumamawa shi ne dai ke kai ruwan sanyi lokacin bazara. Ba a yin biyun a tare. Gaba ɗaya ginin ko dai yana kan zafi ko yana kan sanyi, kuma ofis ne ke sa ranar juyawa. Shi ya sa ma suke haɗa kuɗin cikin haya, don ba mita ɗaiɗai da za su auna kowa. Ɗan makunnin da ke bangona ƙarfin iska kawai yake ragewa ko ya ƙara.

Sai ga Afrilu, muna cikin azumi, rana ta buɗe ba shiri. Muna can hawa na sama, taga na kallon yamma, ba ta kuma buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. Daga la'asar ɗakin sai ya koma tanda. Na sa hannu a bakin na'urar da ke ƙarƙashin taga, iska mai ɗumi ce ke fitowa. Yarinyarmu duk ƙuraje sun feso mata a wuya, uwarta na jiƙa tawul tana shimfiɗa mata. Ranar da ta ce, "Maigida, a haka za mu kai sallah?" sai na sauka ofis raina a ɓace.

Matar ofis ta saurare ni tsaf, ta ce sai cikin Mayu za a juya, don idan an juya yanzu sanyi ya dawo, tsofaffin da ke ginin za su wahala. Hujjarta ba banza ba ce, amma me ya hana a faɗa mini ranar da aka zaga da ni? Doka ma ba ta tare da ni. A lokacin, gundumar Montgomery, inda Silver Spring take, ta wajabta wa masu irin waɗannan gidaje samar da sanyi ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, kada ɗaki ya wuce digiri 80 a ma'aunin Fahrenheit, wato kusan 27 a namu. Afrilu da Mayu da Oktoba kuwa kai da Allahnka.

Na je na sayo ƙaramar eyakwandishan mai taya, da kuɗin da na ware don kayan sallah. Ba a jima ba takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa: yarjejeniyar haya ta ce duk wanda ya kawo tasa na'urar zai riƙa biyan ƙarin kuɗin wuta kowane wata. Wutar da aka ce tana cikin haya! Wannan ne har yau ke ci mini rai. Fakin da intanet da inshorar kaya na san dama daban suke, ban damu ba. Amma in biya hayar da ta fi ta makwabta tsada saboda an ce komai a ciki, sannan in sayi na'ura, sannan a caje ni don na kunna ta?

Oktoba ma haka aka maimaita, an maida ginin kan zafi alhali rana ba ta gama ba.

Don haka kafin ka sa hannu, tambayi ko kowane ɗaki na iya kunna sanyi da zafi yadda ya so. Idan ba haka ba, a gaya maka ranar da aka juya bara, kuma kada ka tsaya ga bakin ofis, tare wani mazaunin ginin a bakin lif ka ji daga gare shi. Nemi sakin layin da ya yi maganar na'urar sanyi ta kanka a yarjejeniyar. Idan kuma da zaɓi, guji hawa na ƙarshe mai kallon yamma. Da wa'adinmu ya cika mun koma wani gida a kan titin Georgia, ina biyan Pepco da kaina, kuma na fi son haka.