Littafin kalmomin Japananci: inda aiki ya kwana

'Yan uwa masu koyon gina shafin intanet, ƙaramin littafin da nake haɗawa don adana kalmomin Japananci ya fara karɓar rubutu a waya ba tare da ya cakuɗe ba. Akwatinsa contenteditable ne, wato ɓangaren shafi da ake iya rubutu a ciki kai tsaye, domin ina son kowane kanji (harafin Japananci mai asali daga Sinanci) ya fito da launinsa.

Japananci ba a buga shi harafi ya zauna nan take. Kanjin yau da kullum da gwamnatin Japan ta tsara a 2010 sun kai 2,136, babu allon madannan da zai ɗauke su. Sai mutum ya buga にほん (nihon, wato Japan) da hiragana, haruffan da ke nuna sauti, kalmar ta tsaya da layi a ƙarƙashinta, allo ya jero zaɓi, ya taɓa 日本, kanjin kalmar, sannan ya tabbatar. Duk tsawon wannan lokaci kalmar tana hannun allon madannai, kamar ƙullun da bai shiga kasko ba. Burauza tana sanar da farawa da compositionstart, ƙarewa kuma da compositionend.

A nan gizo yake saƙa. Manhajar da na rubuta don sa launi tana sake gina cikin akwatin duk sanda harafi ya shigo, sai allon ya nemi kalmar da yake riƙe da ita ya rasa: haruffa su ninku, ko su ɓace. Yanzu tsakanin sanarwar biyun ba na taɓa komai. Sai an tabbatar nake sa launi. Wannan kaɗai ya kashe rabin matsalar, kuma a ganina duk mai irin wannan aiki daga nan ya kamata ya fara.

Kada ku dogara da keydown, sanarwar danna maɓalli, a Android. Chrome kan ba da lamba 229 ga kusan kowane maɓalli, maimakon lambar maɓallin da aka danna. Gboard, allon madannan Google, ma kan riƙe kalma haka ko da boko ake rubutawa, don haka mai buga Hausa bai tsira ba.

Saura Enter. Shi ke tabbatar da kanji, shi ne kuma ke adana kalma a littafina. Burauzar Safari kan aiko da compositionend kafin keydown, sai isComposing, alamar da ke faɗin ko kalma tana hannun allo, ya nuna an gama, kalma ta adanu da wuri. Shi ya sa nake duba lamba 229 tare da isComposing kafin in adana.

Mai allon Samsung a cikinku, don Allah ya saka Japananci ya gwada goge harafi a tsakiyar kalma, ya faɗa mini abin da ya gani.