Godiya ga Waɗanda Suka Riƙe Ni Har Na Koma Busa

Alhamdu lillahi, an yi taron kiɗan da na koma busa saksofon an tashi lafiya. Har yanzu leɓena na zogi, barci kuma bai ishe ni ba, amma na kasa kwanciya ban yi wannan godiya ba. Duk kun san abin da ya biyo bayan safiyar da na tashi ɓarin fuskata na hagu ya ƙi motsi, don haka ba zan maimaita muku zaryar asibiti ba.

Masu zuwa dubiya da yawa sun ce, "Ai da sauƙi, tunda hannu da ƙafa lafiya." Na san don su kwantar mini da hankali ne. Sai dai mai busa saksofon da leɓe yake cin abinci. Wannan abin busa da Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846 jikinsa tagulla ne, amma sautin daga wani siririn kara yake fitowa, wanda ake ɗaurewa a bakinsa. Sai leɓe ya zagaye shi ya rufe ruf kafin karan ya yi rawa. Ni kuwa in na hura, iskar ta gefen baki take zurarewa. Da dare sai in tuna fitaccen mai busa ƙaho Freddie Hubbard, yadda leɓensa ya tsage a 1992 busarsa ba ta ƙara komawa yadda take ba, in tuna fitaccen mai saksofon Sonny Rollins da ciwon huhu ya raba shi da dandamali bayan 2012. In manya irin waɗannan abin ya kayar da su, ina ga ni?

Ga abin da ya faru daren jiya, wanda yawancinku da ke zaune ba ku lura ba. Kun san kiɗanmu ba a rubuce yake ba. Mukan shirya mafari ne kawai, sauran kuma nan take muke ƙirƙira shi, kowa na sauraron ɗan'uwansa. Muna tsakiyar kiɗa na biyu, ina kan hawa sama, sai na ji leɓen ya saki. Sauti ya ɗauke, ba abin da ke fita sai iska, fuuu, kuma makirufo ya kwashe ta ya watsa wa zauren gaba ɗaya. Gwiwata ta yi sanyi. Na ce a raina shi ke nan, a gaban jama'a za a yi ta ta ƙare.

Ban ko juya ba sai na ji mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya, ya fara shafa fatar ganga a hankali, yana kwaikwayon wannan iskar tawa. Mai bas, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin sauti, ya kama sauti ɗaya ya tsaya a kai, yana ta maimaita shi. Mai piyano ta ɗage hannuwanta ta ɗora a cinya. Suka mai da rauni na ya zama kiɗan, suka ba ni fili na haɗiye yawu, na murza kumatu, na dawo da dogayen sautuka na ƙasa waɗanda leɓe zai iya ɗauka. Da muka gama kuka tafa, wani ma ya ce mini wurin nan ya fi ko'ina taɓa shi. Ni kuwa hawaye ne suka hana ni ganin jeren gaba.

Abokan kiɗana sun hana ni ambatar su, amma yau ba zan ji maganarsu ba. Yaya mai ganga, a badujalar soja ka koyi sana'a, shekara da shekaru kana kallon ƙafafun masu fareti don kada taki ya saɓa. Jiya kafaɗata kake kallo, ka ga ta faɗi tun kafin sautin ya mutu. Baba mai bas, kai ne babbanmu, daga babbar ƙungiyar makaɗa masu bin takarda ka fito. Ranar da ka fara zuwa gwaji ka tambayi ina takardar, muka ce babu, ka yi shiru kana kallonmu. Haƙurin nan na zama kana ƙirga bugu har lokacinka ya zo, shi ka shimfiɗa mini na taka. Ƙanwata mai piyano, a coci kika girma kina raka mawaƙa, kin saba da wanda kuka zai sarƙe shi a tsakiyar waƙa, kin san lokacin da ake jira. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma ba ki taɓa fasa aiko mini da saƙon kina yi mini addu'a ba.

Sai autanmu mai ƙaho, wanda bai shiga ajin kiɗa ba ko sau ɗaya, da kunne ya koya daga tsofaffin fayafayi. Shi ya ja tawagar duk lokacin da nake kwance, kuma ya ƙi tsayawa a wurina, ya bar tsakiyar dandamali babu kowa. Duk wasan da suka yi sai sun ware kasona sun kawo gida. Shi ne ya riƙa kunna mini faifan da mai saksofon Ornette Coleman ya ɗauka a watan Disamba na 1960, mutum takwas suna ƙirƙira a lokaci guda fiye da rabin awa. Masu cewa irin wannan kiɗa hayaniya ce, da ma sun tsaya kusa da ni jiya.

Likitar da ta koya mini motsa fuska a gaban madubi, ba ki taɓa yi mini alkawarin ƙarya ba, Allah ya saka miki. Malam mai gyaran kayan busa, ka zauna ka zaɓo mini kara mai laushi, ka kankare shi da hannunka har ya daina neman ƙarfi, ka ƙi karɓar ko sisi. Uwargida kuma, wadda kullum dare take liƙe mini ido da filasta saboda ya ƙi rufuwa, ba ni da bakin gode miki.

Akwai kujerun da na sa aka ajiye wa dangi a gaba, har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Na san a cikinmu akwai waɗanda har gobe ba su ɗauki busa a matsayin sana'a ba. Amma ciwo ciwo ne, ko waya ɗaya da ta wadatar. Ban riƙe kowa a zuci ba, na dai lura.

Likita ta ce in huta kafin in sake ɗaukar saksofon, kuma wannan karon zan bi. Saƙonninku sun taru, ku yi mini uzuri, zan amsa a hankali. Wanda ya zo, da wanda ya aiko, da wanda ya yi addu'a a ɓoye, Allah ya biya ku da abin da ya fi. Allah ya tsare muku lafiyar da kuke neman halali da ita, ya raba ku da ciwon da zai zaunar da ku, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi. Abokan aikina huɗu, Allah ya raya muku zuriya, ya sa ranar da kuke bukatar mai tare muku ku same shi a kusa. Amin, summa amin.