Godiya Ga Duk Waɗanda Suka Tsaya Wa Taron Wayar Da Kai Kan Shiga Jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taron wayar da kan ɗaliban sakandare da iyayensu kan kwasa-kwasan digirin farko da sharuɗɗan shigarsu ya kammala, an watse lafiya. A madadin kwamitin shirye-shirye muna miƙa godiya ga shugabannin makarantun da suka sako mana ɗalibansu, da wanda ya ba da zaure kyauta, da samari da 'yan matan da suka tsaya kan kujeru da lasifika tun da sassafe har aka tashi. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Da yake mutane da yawa sun aiko cewa ba su samu halarta ba, za mu haɗa godiyar da abin da kowane mai jawabi ya bari a hannun jama'a.

Godiya ta farko ga malamanmu na jami'a da suka daɗe suna aikin tantance masu neman gurbi. Su ne suka warware maganar kiredit biyar a sakamakon jarrabawar kammala sakandare, wadda kowa ke faɗa amma kaɗan suka san cikinta. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 an ci, amma ba kiredit ba ne. Kuma ba kowane biyar ake nufi ba, sai biyar ɗin da kwas ɗin yake nema, da Turanci a ciki. Lissafi kuwa babu makawa ga mai son kimiyya, injiniya ko harkar kasuwanci, kuma ko mai neman fannin adabi shawarar da aka ba shi ita ce kada ya yi wasa da shi. An ɗaga wata takardar sakamako da aka rufe sunan mai ita: A1 a Hausa, B2 a Ilimin Addinin Musulunci, B3 a Bayoloji, kiredit bakwai cif, amma D7 a Kimistiri. Mai wannan takarda, ko makinsa na JAMB ya haura 300, ba zai karanta likitanci ko haɗa magunguna da ita ba sai ya sake zama ya gyara Kimistirin. Ana karɓar sakamakon WAEC, NECO, NABTEB da NBAIS, ana kuma iya haɗa sakamakon zaman jarrabawa biyu, sai dai jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗi a kwas irin likitanci, zama ɗaya suke so.

Inda aka fi daɗewa shi ne haɗin darussan UTME, wato jarrabawar shiga jami'a da hukumar JAMB ke shiryawa, kuma ya cancanci a daɗe, domin a nan ne yara masu ƙoƙari suka fi faɗuwa ba tare da sun faɗi jarrabawa ba. Darussa huɗu ake rubutawa, maki 400 gaba ɗaya. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kwas ne ke yanke su, ba ra'ayin ɗalibi ba. Likitanci, shekara shida, yana son Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, haka ma aikin jinya da haɗa magunguna. Injiniya shekara biyar ce, kuma Lissafi, Fiziks da Kimistiri take nema. Wanda ya sa Bayoloji a gurbin Lissafi don ya fi iya shi, ya rufe wa kansa ƙofar injiniya tun a ranar rajista. Lauya ma shekara biyar ce kafin a wuce makarantar horas da lauyoyi, kuma abin da ya fi kayar da masu nemanta shi ne Adabin Turanci: jami'o'i da yawa suna son sa a UTME, suna kuma son kiredit ɗinsa a sakamakon sakandare, ga shi makarantu da dama ba su da mai koyar da shi. Akanta na tafiya da Lissafi da Tattalin Arziki. Kimiyyar Kwamfuta, shekara huɗu, ba ta yiwuwa sai da Lissafi da Fiziks. Ban da wannan, kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi ko rangwame, kuma duk suna cikin kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinta. A buɗe shi a karanta layin jami'ar da ake so kafin a cike komai. Jin "ai haka wane ya yi bara" ba hujja ba ce.

Muna gode wa malamar da ke jagorantar ɗalibai kan zaɓen sana'a, wadda ta mayar da maganar baya zuwa SS1. Gaskiya ta faɗa. Ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci, ranar ce aka yanke rabin hukuncin shiga jami'a. Yaron da ya ajiye Fiziks a SS1 ba zai tsince shi a SS3 ba. Don haka uba ya je makaranta a wannan shekarar, ya ga jerin darussan da aka rubuta wa ɗansa, ya gwada shi da kwas ɗin da yaron ke buri, tun icce yana ɗanye.

Godiya ta musamman ga ma'aikatan cibiyoyin CBT, wato wuraren rajista da rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta, da suka bar aikinsu suka zo da kwamfutocinsu suka nuna rajista mataki-mataki. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, sai a samu lambar buɗe rajista. Layin da aka tura da shi ya zama na ɗalibin ne shi kaɗai, wanda ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba, kuma a adana shi, domin a kansa saƙonni za su riƙa zuwa har a gama. Sunan da ke kan NIN shi zai hau takardun JAMB yadda yake. In NIN ta ce Muhammad, takardar WAEC ta ce Mohammed, ko aka sa sunan mahaifi a gaba a nan aka mayar da shi baya a can, ko ranar haihuwa ta saɓa, matsalar ba ta fitowa a ranar rajista. Tana jira sai ranar tantancewa a jami'a, ko lokacin tura sunaye bautar ƙasa. A gyara NIN tukuna, sannan a yi rajista.

Sun kuma ja kunne kan abu biyu da ake mantawa bayan jarrabawa. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare, dole ya koma cibiyar CBT a ɗora masa shi idan ya fito, in ba haka ba jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba, komai yawan makinsa. Na biyu shi ne CAPS, tsarin ba da gurbi ta intanet da JAMB ta fara aiki da shi a 2017. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba gurbi ba ne a wurin hukuma, ko da an biya kuɗin makaranta an shiga aji. In an ba ɗalibi gurbi, shi zai shiga da kansa ya danna amincewa cikin wa'adin da aka ɗiba, ya fitar da takardar shaida. Kada ya bar wa mai shagon intanet kalmar sirrinsa.

Tambayar da aka fi maimaitawa ita ce: ɗana ya wuce makin da aka yanke, me ya sa bai samu ba? Muna gode wa malamin da ya amsa ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Makin da ake sanarwa bayan taron JAMB, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, shi ne ƙasan da ba a sauka daga gare shi. Kowace jami'a na iya ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa. Wasu jami'o'in suna raba makin UTME gida takwas, wato mai 240 ya tashi da 30 cikin 50, sannan su haɗa da na jarrabawar tantancewa tasu. Ga kuma adadin kujeru: hukumar kula da likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, haka majalisar koyar da aikin lauya take yi wa fannin shari'a. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa maki ɗaya ke shigar da yaro a wata jami'ar ya kasa shigar da shi a wata. Akwai damar canjin kwas ko canjin makaranta bayan sakamako ya fito, amma sai zuwa kwas ɗin da ya dace da darussa huɗun da aka riga aka rubuta. Shekarun shiga jami'a kuma 16 ne mafi ƙaranci.

Wanda UTME ba ta yi masa daɗi ba, hanya ba ta ƙare ba. Mai NCE, ko difloma ta ND, ko takardar karatun share fage ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko makamanciyarta JUPEB, yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ta hannun JAMB ɗin dai, kuma kiredit biyar ɗin nan suna nan a kansa.

Ga iyaye, musamman iyaye mata da suka zauna har ƙarshe da takardun 'ya'yansu a cikin jaka, godiyarmu ba ta da iyaka. Roƙonmu ɗaya ne gare ku: a daina tilasta wa kowane yaro mai ƙoƙari likitanci yana sake jarrabawa shekara bayan shekara, alhali da wannan haɗin darussan nasa akwai aikin jinya, gwajin asibiti, ɗaukar hoton asibiti, gashin ƙashi da likitancin dabbobi, kuma duk ana neman masu su ruwa a jallo.

Tambayoyin da aka rubuto a takarda lokaci bai kai kansu ba suna hannunmu, kuma malaman sun ɗauki alkawarin amsa su a rubuce, za a aika wa kowace makaranta nata. Allah Ya saka wa malamanmu da mafificin alheri, Ya ba 'ya'yanmu gurbi mai albarka, amin.

Kwamitin shirya taro