Bil ɗin ruwa sunana ne a kai, shi ya sa na koyi karanta mita

Watan da takardar kuɗin ruwa ta zo min ta kusa ninka abin da na saba biya, abu na farko da na yi shi ne na ɗora wa 'yan haya laifi, kuma har yau in na tuna abin yana sosa min rai. Gidan sashe huɗu ne, mita ɗaya ce ta haɗa kowa, sunana ne a kan bil ɗin. Na tara su na yi ta faɗa, na ce wani na wanke mota da tiyo, wani na barin famfo a buɗe, sai kowa ya juya yana kallon wata baiwar Allah mai yara ƙanana saboda ita ce kullum cikin wanki, ba ta ce uffan ba amma na ga yadda fuskarta ta canza. Bayan kwana biyu mai gyaran famfo ya zo ya zagaya gidan, ashe matsalar tana bandakin sashen da babu kowa a ciki, wanda mai hayarsa ya tashi tun wata biyu da suka wuce. Robar nan da ke toshe ƙasan tankin masai ce ta tsufa ta ƙandare, ruwa na ta sulalewa cikin kwanon dare da rana, ba ƙara ba komai, tankin na cika yana zubewa yana sake cika. Na je har ƙofarta na ba ta haƙuri, ta ce ba komai Alhaji, amma ni dai na san na yi mata ba daidai ba a gaban mutane.

Tun daga ranar na gane cewa yawancin rigimar ruwa tsakanin mai gida da 'yan haya ba ɓarnar mutane ce ke kawo ta ba, yoyo ne da babu wanda ya gani. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce masai mai yoyo zai iya zubar da kusan galan 200 a rana, wato wajen lita 750 ke nan, ka lissafa a wata ya haura lita 22,000 daga bandaki ɗaya tak. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan kuwa yana cin sama da galan 3,000 a shekara, lita 11,000 da wani abu. To ka gwada da abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke cewa mutum ɗaya na buƙata a rana don sha da girki da tsafta, lita 50 zuwa 100, ka ga masai ɗaya da ya lalace yana iya shan ruwan iyali guda cur ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Gwajin ma ba wuya. Ka buɗe murfin tankin masai ka ɗiga kala ko wani rini kaɗan a ciki, kar a kora ruwa, ka jira kamar minti 15, in ka ga kalar ta sauko cikin kwanon to robar ta mutu, a canza ta, tana cikin kayan gyara mafi araha a gida gaba ɗaya. Na gidan duka kuma shi ne ka roƙi kowa ya rufe famfo, ka rubuta lambar da ke kan mita, ka dawo bayan awa biyu. In lambar ta motsa akwai inda ruwa ke fita, ko a bango ko a ƙarƙashin ƙasa. Mitoci da yawa suna da wata 'yar alama ƙarama mai juyawa, ko tauraro ko mai kusurwa uku, ko ɗigo kaɗan ne ke wucewa za ka ga tana motsi. In gidan na da tanki a sama kar ka manta da bawul ɗin nan mai ƙwallo da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, shi ma yana maƙalewa, kuma da dare yake ambaliya lokacin da kowa ke barci.

Yanzu duk ranar 1 ga wata da kaina nake zuwa na ɗauki hoton mitar da waya, ina da wani littafi da nake rubutawa a ciki. A wurare da yawa da kubik mita ake auna ruwa, kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, in ka riƙe wannan kawai bil ya daina zame maka baƙon abu. Amfanin rubutawar biyu ne. Ka san abin da gidanka ya saba sha, in ya yi tsalle ka gani tun kafin takarda ta iso. Sannan wani lokacin ba a zo an karanta mitar ba, ƙiyasi kawai aka yi aka turo, galibi ma a jikin takardar ana nuna cewa ƙiyasi ne, in kana da hotonka mai kwanan wata sai ka je ofis da hujja a hannu a gyara maka, ba wai ka je kana rantse-rantse ba.

Wani abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne kuɗin magudanar ruwan datti. A inda gidaje ke haɗe da babban bututun gari, yawanci babu mita a kan ruwan da ke fita daga gida, sai a ɗauka cewa ruwan da ya shigo shi ne zai fita, a lissafa maka kuɗin datti a kan adadin da mitar ruwa ta nuna. Ma'ana duk litar da ta yoye sau biyu kake biyanta, shigarta da fitarta. Ga kuma tsarin hawa-hawa da wasu hukumomin ke amfani da shi, kason farko na ruwan da sauƙi, in ka haura wani adadi farashin kowace kubik mita ya ɗaga, shi ya sa gida mai iyali da yawa a kan mita ɗaya ke saurin faɗawa mataki mai tsada ko da kowa na lallaɓawa. Akwai kuma wani tsayayyen kuɗi da ake biya ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba, ko gidan ba kowa sai ka biya shi. In kuwa ruwan ya yoye ne cikin ƙasa bai shiga magudana ba, wasu hukumomin suna rage maka kuɗin datti in ka kai rasit ɗin gyara, don haka ni ko ƙaramin aiki aka yi sai na karɓi rasit.

Sai maganar wa zai biya, nan ne zumunci ke lalacewa. Na gwada saka kuɗin ruwa cikin kuɗin haya, hankali kwance babu bin mutane duk wata, amma gaskiya mutum in bai ga bil ba ba ya damuwa ya gaya maka famfo na ɗiga, ba mugunta ba ce, abin ne kawai ba ya gabansa. Na gwada rabawa daidai-wa-daida tsakanin sassa huɗun, sai mai zaman shi kaɗai da ke fita tun safe ya ce don me zai biya daidai da mai iyali bakwai, kuma yana da gaskiya. Na koma rabawa da yawan kawuna, wannan ya fi adalci amma sai ka tsinci kanka kana ƙirga baƙin mutane, wane ƙaninsa ya zo ya yi wata guda a saka shi ko kar a saka, abin ba daɗi sam, ni ban gina gida don na zama mai leƙen ɗakin mutane ba. Daga ƙarshe na daure na sa wa kowane sashe ƙaramar mitarsa bayan babbar. Ya ci kuɗi da farko don sai da aka raba bututun, amma kowa na ganin lambarsa da idonsa, kuma in na haɗa ƙananan huɗun na ga ba su kai abin da babbar ta nuna ba, na san bambancin nawa ne, ko famfon tsakar gida ko yoyo a layin da ya haɗa kowa, wannan kuwa ni zan biya, ba na raba musu shi. Kafin ka yi irin wannan ka bincika dokar inda kake, don akwai wuraren da aka tsara yadda mai gida zai caji ɗan haya kuɗin ruwa, wasu ma sun hana ka ɗora riba a kai.

Ko da ka mayar da bil ɗin sunan ɗan haya kar ka saki jiki. A wurare da dama bashin ruwa gida yake bi ba mutum ba, ɗan haya ya kwashe kayansa ya tafi, bashin na nan yana jiranka, a yanke layi ko ma a ɗora shi a kan takardun gidan har sai an biya. Shi ya sa ranar da mutum zai shiga muna tsayawa tare gaban mita mu ɗauki hoto, mu rubuta lambar a takardar yarjejeniya mu sa hannu, ranar fita ma haka, kuma ba na mayar da kuɗin ajiya sai bil na ƙarshe ya fito an cire abin da ya rage. Yanke wa mutum ruwa don ya ƙi biya kuwa ban taɓa yi ba kuma ba zan yi ba, a ƙasashe da yawa ma laifi ne, balle gida da yara a ciki.

A takardar na rubuta cewa gyaran bututu da robar masai da duk abin da tsufa ya kashe nawa ne, su nasu kawai su kira ni da wuri, amma toshewar da aka jawo da hannu mai sashen ne zai biya. Man girki da aka zuba a sinki yana daskarewa a bututu, tsumman goge jarirai da audugar mata ba sa narkewa kamar tishu, su ne ke toshe layi har datti ya dawo bandakin wanda ke ƙasa wanda bai ji ba bai gani ba. In gidanka ramin sokawe ne da shi ba layin gari ba, ana ba da shawarar a kwashe duk bayan shekara 3 zuwa 5, gidan haya mai jama'a kuma yana iya buƙata kafin haka, ni duk wata nake ware wani abu kaɗan daga kuɗin haya saboda ranar.

Sashen da ya zama babu kowa kuwa, ranar da aka miƙo min makulli nake zagayawa baya na rufe bawul ɗinsa gaba ɗaya, sai ranar da sabon mutum zai shiga na buɗe muna tsaye tare.