Inabi Ko Alobera: Wanne Zai Zauna A Tsakar Gidanka?

Duk wanda ya shigo lambuna neman abin dasawa a tsakar gida, kafin in nuna masa komai sai na tambaye shi wa zai riƙa ban ruwa. Wasu sukan ɗauka rainin hankali ne. To amma a Sakkwato muke, garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ruwan sama kuma daga Yuni zuwa Satumba ne kawai, sai ya ɗauke. Amsar da mutum ya ba ni ita ke sa in kai shi rumfar inabi ko in ja shi layin tukwanen alobera, domin waɗannan biyun su aka fi tambaya a wurina, kuma halinsu ya yi hannun riga.

Kowa inabi yake so. Yana ba da inuwa, ana shan 'ya'yansa, ga shi an ambace shi a Alƙur'ani, don haka dattawa ke ƙaunarsa. Kuma yana yi a Arewa, duk mai shakka ya je Kudan ta jihar Kaduna ya ga gonaki. Sai dai zafinmu ya fi nasu, don haka aikinmu ya fi nasu yawa.

Daga rami ake farawa. Ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a cika da ƙasar sama da takin shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara, ita kuwa gara a garin nan ba ta jiran gayyata. Saboda ita ma nake hana mutane kafa rumfa da itace. A sa bututun ƙarfe, a ja waya a sama, tsayin ya ɗan wuce kan mutum. Daga nan sai a bar reshe ɗaya tak ya hau, duk wani toho na gefe a tsinke shi, har ya kai saman rumfa, sannan a datse kansa ya raba hannuwa. A nan ne yawancin mutane ke karaya. Suna ganin ganye kore shar sai tausayi ya kama su, su bar shi ya yi duhu, shekara ta zagayo ana shan inuwa babu ko nono ɗaya.

A wurin kawuna na koyi askin inabi, a lambunsa na fadamar Kwalkwalawa, inda albasa ce sana'arsa, inabin kuwa sha'awa ce kawai a bakin bukka. Ba ya barin yaro ya taɓa almakashi sai ya iya bambanta reshen da ya nuna, wanda ya koma ruwan ƙasa ya yi kaurin fensir, da ɗanyen da bai kai ba. Yakan kama yatsana ya ɗora a kan gaɓa ya ce, "Ka ji idon? Nan ɗiyan suke kwana." Daga baya na fahimci dalilin. A ƙasashen sanyi inabi yana zubar da ganye ya huta da kansa, a nan kuwa babu sanyin da zai kwantar da shi, sai mu tilasta masa. Bayan damina ta ɗauke, wajen Oktoba, a rage masa ruwa, a zage ganyen, a datse rassan a bar 'yan idanu, sannan a ba shi taki da ruwa ya ƙoshi. Sabon tohon da zai fito shi ke zuwa da fure. Kamar wata huɗu bayan haka ake tsinka, kafin bazara ta yi tsanani. Wanda ya bari 'ya'yan suka faɗa cikin damina zai ga suna fashewa, ganyen kuma funfuna ta kama shi. Ko an yi komai daidai, a shekara ta biyu ko ta uku ake fara shan na kirki, kuma sai an lulluɓe da tsohon gidan sauro, in ba haka ba tsuntsaye da jemagu su riga yaranka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu tura baro da dashe a leda. Mutum ya yanko reshe jiya, ya soka a baƙar leda, kwana kaɗan ya fitar da ganye biyu da ɗan ruwan da ke jikinsa, babu saiwa ko ɗaya. Mai saye ya gani kore, ga araha, ya kai gida, bayan mako biyu ya bushe. Sai ya zo wurina yana cewa inabi ba ya yi a Sakkwato. Ni dashena ba ya fita lambu sai saiwa ta leƙo ta ƙasan leda, kuma ina ɗagawa in nuna maka da idonka. Duk da haka za ka ji Alhaji ya ce, "Haba malam, wancan yaron rabin kuɗin ya ce." Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, shi sanda ya sayar maka."

Alobera kuwa wata duniya ce. Asalinta daga yankin Larabawa take, ta saba da ƙishi, ruwanta a cikin ganye take ajiye shi, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta don kada rana ta shanye shi. Ma'aikacin da ke tafiya Abuja ya yi mako biyu, ko gidan da sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ita nake ba su. Ban taɓa ganin wadda ƙishi ya kashe ba a cikin gari. Waɗanda ake dawo mini da su duk yawan kulawa ne ya kashe su. Wata Hajiya ta kawo tata a kwali, gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ina taɓawa ganyen suka zube, wari ya tashi. Na ce, "Hajiya, sau nawa ake ba ta ruwa?" Ta ce safe da yamma, ita da kanta, a tukunyar roba marar huda. Tukunyar ƙasa mai huda take so, yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, taki ɗan kaɗan, kuma kada a ƙara ruwa sai an soka yatsa an ji ƙasar ta bushe. Da damina a janye ta daga ƙarƙashin indararo. Ranar bazara ma tana gasa ta, musamman a kan daɓen siminti, ganyen su koma ja-ja su ƙanƙance. A sa ta inda za ta sha hantsi, inuwar dogonyaro ta rufe ta da azahar.

Ita ma ba ta tsira daga masu baro ba. Wasu ganye suke yankowa su soka a ƙasa, alhali da 'ya'yan da ke fitowa a gindinta ake yaɗa ta, ganyen ruɓewa yake yi. Wasu kuma zabuwar daji, wani tsiro mai kama da ita, suke tonowa su ce alobera ce, ganye siriri, yauƙin ciki bai taka kara ya karya ba. Ga masu shafawa a fata ko gashi, in an yanko ganye a jingine shi tukuna ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, domin yana sa gudawa in an sha, kuma mai juna biyu ta nisance shi.

In gidanka akwai rijiya ko burtsatse, da wanda zai tsaya a kai, da haƙurin shekara biyu, ɗauki inabi, ni zan zo in yi masa askin farko in nuna wa yaronka yadda ake ƙirga ido. In babu, kada ka wahalar da kanka, ɗauki alobera uku ka jera a gindin katanga. Dashen inabin bana ya yi saiwa, kuma farkon damina ya fi dacewa a sa shi a ƙasa. Mai zuwa ya zo da safe kafin rana ta take, ya kuma san faɗin tsakar gidansa, saboda rumfa tana cin wuri.