Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Min Alƙalami Lokacin Da Idona Ya Rufe

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Labarin nan nawa da kuka daɗe kuna tambaya ya fito a BFS Horizons, mujallar gajerun labarai da waƙoƙi ta ƙungiyar British Fantasy Society da ke nan Birtaniya. Idona na dama da aka yi wa aiki shi ma ya fara dawowa. Saƙonninku na sannu da jiki da na barka sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma likita bai yarje min daɗewa a kan waya ba tukuna, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya ɗauki rabonsa. Yaba kyauta tukwici.

Wasunku ba su ji yadda abin ya kasance ba. Muna tsakiyar gyaran labarin na fara ganin walƙiya a gefen ido, daga baya wani duhu ya riƙa cin ganina daga ɓangare guda. A asibiti suka ce tantanin bayan ido ne ya ɓamɓare, kuma in aka yi jinkiri idon na iya tafiya gaba ɗaya. Aka yi tiyata, aka ɗura iskar gas a cikin idon don ta danne tantanin ya sake mannewa, aka ce in riƙa kifa fuskata ƙasa yawancin yini, ba hawa jirgin sama sai iskar ta baje. Don Allah duk wanda ya ga irin wannan alama kada ya tsaya ɗiga magani a gida, ya nufi asibiti a ranar. Ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka kula da ni, Allah ya saka musu da alheri.

Karatu ya gagara, rubutu ya gagara. Na sa maigidana ya rubuta wa masu tace mujallar cewa su cire labarina su bai wa wani gurbin, kada in riƙe musu aiki. Suka ƙi. Suka ɗaga shi zuwa fitowa ta gaba, suka ce in warke tukuna, kuma ba su sake tuntuɓata da maganar aiki ba sai da ni da kaina na aika cewa na shirya.

Abin da ya sa wannan haƙuri ya yi min girma shi ne na san su wane ne mutanen. Ba kamfani ba ne mai ofis da ma'aikata. Masoya labaran al'ajabi da na ban tsoro ne suka kafa ƙungiyar a 1971, bayan sun ware daga ƙungiyar masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya ta Birtaniya wadda ta girme su, don a wancan lokaci sun ga ba a ba irin abin da suke so cikakken wuri. Tun daga nan suke fitar da mujalla. Mujallarsu Dark Horizons ta yi kusan shekara arba'in tana ɗaukar labarai da waƙoƙi, a 2010 aka haɗe ta da wasu mujallunsu biyu, Prism da New Horizons, suka zama BFS Journal, daga baya aka sake rabawa: Journal ta riƙe sharhi da nazari, Horizons ta ɗauki labari da waƙa. Duk tsawon wannan zamani aikin sa kai ne. Mai tacewa yana da aikinsa na neman abinci, mai tsara shafi haka, sai sun tashi da daddare ko ranar hutu su zauna su karanta rubutun mutanen da ba su taɓa gani ba. Kuɗin rajistar mambobi ne ke riƙe da ƙungiyar. Ni dai da gayya nake kwatanta shi, irin wadda muka taso muna gani: kowa ya zo da fartanyarsa, a nome gonar da ba tasa ba.

Na kuma lura riƙe hannun sabon shiga gado suka yi. Ɗaya daga cikin manyan kyaututtukansu na shekara-shekara sunan August Derleth take ɗauke da shi, Ba'amurken da ya kafa maɗaba'ar Arkham House tare da wani abokinsa a 1939 don kada labaran ban tsoro na marubuci H. P. Lovecraft su ɓace a cikin tsofaffin mujallu. Derleth ɗin ne kuma ya buga wa Ramsey Campbell, marubucin labaran ban tsoro ɗan Liverpool, littafinsa na farko a 1964 yana ɗan shekara 18, kuma Campbell ɗin nan ya daɗe yana shugabancin ƙungiyar. Ni kuwa abin da ya ba ni ƙwarin gwiwar aika nawa shi ne jin cewa a 2021 kundin labarai da ɗan Najeriya Oghenechovwe Donald Ekpeki ya tattara tare da Zelda Knight ya ci kyautarsu. Na ce ashe ƙofar ba a kulle take ba.

Labarin nawa a kan wata tsohuwa ne da aka zarga da maita bayan jikan maƙwabciyarta ya kwanta da zazzaɓi yana kiran sunanta. Kun san sauran: an ce ta kama kurwarsa, an ce akwai ƙanƙara a cikinta, an taru a ƙofar gida ana cewa sai ta fito ta tsallake shi. Tsoron da na so mai karatu ya ji shi ne na tsohuwar da ke tsaye ita kaɗai tana kallon fuskokin yaran da ta yanke wa cibiya, da duwatsu a hannunsu. Na yi fargabar za a ce in ƙara jini, ko in fito da wani dodo ƙarara don abin ya yi daidai da abin da aka saba. Ko kusa. Tambayoyin da suka yi min su ne: me ya sa ɗanta ya yi shiru, ina mai unguwa yake a lokacin, wa ya fara jifa. Amsa waɗannan tambayoyi ne ya mai da labarin abin da ya zama. Wanda ya tsara shafukan ma sai da ya tabbatar haruffanmu masu lanƙwasa sun fito daidai a sunayen mutanen labarin, har ya aiko da gwaji a duba. Allah ya biya su.

Yanzu gida. Abban yara, ba ni da bakin gode maka. Ka ɗauki hutu, ka shiga kicin, ka zauna a ƙasa kusa da inda na kifa kai kana karanta min gyare-gyaren jimla bayan jimla, ina faɗa kana rubutawa, kai da ba ka son labarin tsoro ko a rana tsaka. Allah ya bar mu tare, ya saka maka da aljanna. 'Yata ta fari ita ta riƙa karanto min waƙoƙin tsofaffin fitowar mujallar da yamma. A nan na san darajarsu, domin da ina da ido tsallake su nake yi in tafi ga labarai. Waƙar tsoro a kunne take aiki, gajeriya ce, ba ta bayani, sai ta bar ka da abin da ba ta faɗa ba. Allah ya yi miki albarka, uwata.

Yaya babba da ta taso daga Birmingham da tukunyar miya da fura, Goggo da ba ta taɓa fashin kira daga Daura ba, matan unguwa da suka raba kai yara makaranta a tsakaninsu, Allah ya bar zumunci, ya duba bayanku.

Malam, na gode ƙwarai. Da wasu suka nuna min cewa bai dace mace Musulma ta riƙa rubuta mayu da aljanu ba, hankalina ya tashi, na kawo maka maganar. Ka saurari labarin har ƙarshe kafin ka ce komai, sannan ka nuna min wurin da ya kamata in gyara don kada a ɗauka ina gaskata camfi, ka kuma ƙarfafa ni a kan fito da zaluncin da ake yi wa tsofaffi da sunan maita. Waɗanda suka yi min nasihar a asirce su ma na gode, na san ƙauna ce ta sa.

Sai 'yan uwana marubuta na zaurenmu na WhatsApp, waɗanda suka karanta labarin tun yana Hausarsa kafin in juya shi zuwa Turanci. Ɗaya daga cikinku ce ta tuna min cewa wannan fage ba baƙo ba ne a wurinmu, tun gasar rubutun Hausa ta 1933 da Bature Rupert East ya shirya a Zariya littattafanmu na farko da aljanunsu suka fito. Kafin su kuma akwai kakanninmu mata da tatsuniyoyin Dodo. Tawa kakar, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, a bakinta na fara jin yadda ake sassauta murya daidai inda yaro zai matso kusa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.

Masu tambayar yadda za su samu kwafi: mambobin ƙungiyar ake aika wa mujallar, kuma bayanin shiga yana shafinsu na intanet, tare da na gasar gajerun labarai da suke yi duk shekara. Ina so in ga wasunmu sun gwada, musamman masu waƙa. Na Hausar kuwa, da zarar likita ya sallame ni in sha Allahu zan zauna in shigar da gyare-gyaren a cikinsa, in sa muku shi a nan kyauta.

Na gode, na gode. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.