Abin da karatun ƙwaƙwalwa a ƙasar waje ya koya mini

Ɗalibin da ya bar ƙasarsa domin ya karanci kimiyyar ƙwaƙwalwa da ilimin halayyar ɗan Adam yakan tafi da fatan samun amsoshi: me ya sa mutum yake tunawa, me ya sa yake mantuwa, daga ina ƙuncin zuciya yake tasowa. Ni ma da wannan fata na tafi. Abin da ya fi zauna mini daga shekarun karatun kuwa tambayoyi ne guda biyu da malamai suka yi ta maimaitawa har suka zame mini jiki: ta yaya aka san wannan, kuma a kan su wa aka gwada shi?

Bayanan farko ba su da wuyar haddacewa. Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai wuce kimanin kilo 1.4 ba, tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, tana kuma cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki yake kashewa. Abin da yake ɗaukar lokaci shi ne fahimtar hanyar da aka bi aka gano aikin kowane sashe nata. A nan ne labarin Henry Molaison ya yi mini tasiri. A shekarar 1953 aka yi masa tiyata a Amurka saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa wasu sassa daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, ciki har da mafi yawan sashen da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga nan ya daina iya riƙe sabon abin da ya faru da shi. Masaniya Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai. Kullum hannunsa yana ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum yana cewa bai taɓa yin wannan aiki ba. Da wannan gwaji mai sauƙi aka nuna cewa tunawa da abin da ya faru daban ne da ƙwarewar da jiki yake koya, kuma kowanne yana da hanyarsa a cikin ƙwaƙwalwa. Ban taɓa ganin misalin da ya fi wannan nuna darajar tambayar da aka tsara da kyau ba.

Darasin ƙididdiga, wanda ɗalibai da yawa suke shiga ba da son ransu ba, shi ne ya koya mini taka-tsantsan. A 2015 wata tawagar masana ta sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayya, sai aka tarar kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamakon da ya tabbatar da na farko. Kafin wannan, a 2009, wasu masu bincike sun sa mataccen kifi a cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, kuma lissafin da ba a tace shi da kyau ba ya nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Sun yi hakan ne da gangan domin su ja kunnen abokan aikinsu. Tun daga lokacin, idan na ga hoton ƙwaƙwalwa mai launuka a jarida an ce an gano mazaunin soyayya ko na tsoro, nakan fara neman yawan mutanen da aka gwada da irin lissafin da aka yi.

Tambaya ta biyu ita ce wadda baƙunta ta fi buɗe mini ido a kanta. A jami'o'i da yawa ana buƙatar ɗaliban shekarar farko su ba da kansu a yi gwaji da su, ni ma na zauna na cike takardun tambayoyi irin waɗannan. Sau da yawa nakan ji tambayar ba da irin rayuwar da na sani aka rubuta ta ba, musamman inda ake auna lafiyar hankalin mutum da yawan shawarar da yake yankewa shi kaɗai. Daga baya na karanta binciken Jeffrey Arnett na 2008 da na Joseph Henrich da abokan aikinsa na 2010, waɗanda suka nuna cewa kimanin kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin ɗari kacal na al'ummar duniya, kuma kashi 68 daga Amurka kaɗai suke. Bambancin ya kai har ga gani da ido. Akwai wani sanannen zane na layuka biyu masu tsawo ɗaya, inda ɗaya yake bayyana kamar ya fi tsawo saboda yadda kibiyoyin bakinsa suka juya. Binciken da aka yi a shekarun 1960 ya nuna zanen yana ruɗar ɗaliban Amurka sosai, amma da ƙyar yake ruɗar mutanen San na hamadar Kalahari. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin littafin aji yakan ce ɗan Adam yana yin kaza, alhali wani yanki ƙarami na 'yan Adam aka auna.

Zaman baƙunta kansa ya ba ni damar ganin wasu darussan a jikina. Sauraron lacca da harshen da ba na uwa ba yana gajiyar da hankali fiye da yadda ake zato, don haka na koma ga abin da aka sani tun gwaje-gwajen Hermann Ebbinghaus na 1885, cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi ta dare ɗaya amfani. Barci ma na daina ɗaukarsa a matsayin lokacin da za a iya ragewa, tun da a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da aka koya.

Inda wannan duka ya fi shafar rayukan mutane shi ne asibiti. Wasu gwaje-gwajen da ake amfani da su wajen gano cutar mantuwa ta tsufa suna buƙatar majiyyaci ya zana agogo, ko ya riƙa cire 7 daga 100 bi da bi. Dattijon da bai yi karatun boko ba yana iya faɗuwa wannan gwaji alhali hankalinsa garau yake, a rubuta masa cutar da ba shi da ita. Fassara tambayoyin kawai ba ta wadatar ba. Dole ne a sake gwada ma'aunin a kan masu lafiya daga cikin al'ummar da za a yi amfani da shi, masu shekaru da matakin karatu daban-daban, a san abin da yake daidai a wurinsu kafin a kira wani marar lafiya. Wannan aiki ne mai cin lokaci wanda ba ya jawo suna, kuma shi ne nake shirin mayar da hankali a kansa a karatuna na gaba.